Ɗan kwangila zai rufe ramin fayif ɗin gobara da fasassun bulo, in bar shi?

Tambaya: Salam Injiniya. Ina kula da ginin wani sito a Kakuri nan Kaduna, mun shimfiɗa fayif ɗin roba inci 6 na ruwan kashe gobara daga tanki zuwa gini, ga damina ta sauka ramin ya fara cika da ruwa. Ɗan kwangila ya ce gobe zai kawo katafila ta tura ƙasar da aka haƙo haɗe da fasassun bulo a rufe, wai roba ce ba ta tsatsa. Kuma ko gwajin fresha ba mu yi ba. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kira shi yau ɗin nan ka ce katafila ta yi zamanta.

Wannan magana ta "roba ba ta tsatsa" na gaji da jin ta, kusan duk wurin aikin da na shiga sai wani ya faɗa min ita yana murmushi kamar ya gano wani sirri. Toh wa ya ce tsatsa ce matsalar? Fayif ɗin roba, PVC ne ko HDPE, ba shi kaɗai yake ɗaukar nauyi ba, ƙasar da aka daɓe a gefensa da ƙarƙashin cikinsa ita ke riƙe shi. In aka turo komai lokaci guda ƙarƙashin ya zauna fanko, sama ta danne, fayif ya lotse. Sannan guntun bulo ko dutsen marmara mai kaifi ya tokare shi a wuri ɗaya, ba ranar zai fashe ba, a'a, sai tifa ta bi ta kai sau ɗari, famfo ya tashi ya buga fresha ya sake bugawa, bayan shekara ɗaya ko biyu ya tsage, lokacin an zuba kankare a filin, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa lambarsa ma ba ta shiga. Kuma wannan ba layin banɗaki ba ne da za a ga ruwa ya ɗauke a yi ƙorafi, ruwa ne a kwance, sai dai ka ji ƙaramin famfon nan joki, mai riƙe fresha a layin, yana ta tashi ba dalili, mai gadi ya gaji da ƙararsa ya kashe shi. Ranar da wuta ta kama ake sani.

Abin yi: fara zuƙe ruwan ramin, don fayif ɗin roba in ba ruwa cikinsa tasowa yake, ka duba ko mahaɗa ta goce. Yashi mai kyau santimita 15 a ƙasa, a cusa shi ƙarƙashin cikin fayif da hannu da shebur, a riƙa zubawa kaɗan kaɗan ana daɓewa har ya haura kan fayif da santimita 30, sannan inji ya hau. Ban da dutse, toka, shara ko saiwa. Inda mota za ta bi zurfin kar ya gaza santimita 90 daga saman fayif.

Amma kafin gwajin fresha, rufe tsakanin mahaɗa da mahaɗa kawai don kar fayif ya motsa, mahaɗun kuma a bar su a buɗe ido na gani. Kankaren da ake tokare fayif da shi a kowace kwana da tii, wato inda layi ya yi reshe, ya bushe tukuna, sai gwaji: ƙa'idar NFPA 24 ta Amurka ta shimfiɗa layin ruwan kashe gobara ta ce fresha aƙalla 200 psi na awa 2. Ka tsaya kan geji, agogon auna fresha, da kanka, ka ɗau hoto, kar ka yarda da takardar da aka sa wa hannu a ofis.

Kafin rufewar ƙarshe a shimfiɗa tef ɗin gargaɗi mai waya a ciki, don na'urar neman fayif ba ta jin roba a ƙasa, kuma a wanke layin da ruwa mai ƙarfi kafin a jona shi da na cikin gini, in ba haka ba yashin da ya shiga zai je ya toshe kawunan da ke fesa ruwa in wuta ta tashi.