Mahaukaciyar guguwa na tafe: me zan saya, kuma in tashi ko in zauna?

Wasiƙun wannan mako daga 'yan'uwanmu mazauna jihohin Teksas da Fulorida na Amurka suka fito, kuma duk a kan mahaukaciyar guguwar teku suke. Lokacinta a Tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ba banza ba ta yi daidai da daminarmu: yawancin manyan guguwar nan daga hadarin da ke ratsa Sahel suke samo asali. Hadarin ya keta Nijar da arewacin Nijeriya ya nufi yamma, ya faɗa teku ta wajen Senegal, ɗumin ruwa ya yi ta ciyar da shi har ya zama dodo. Wanda ya baro Kano ya koma birnin Hiyuston na Teksas, hadarin gida ne ya biyo sawunsa.

Tambaya: Malam, bara na iso Hiyuston da iyalina. Maƙwabta sun ce lallai in sayi janareto. Ni kuwa a ɗauke wuta na girma, ban ga abin tashin hankali ba. In saya, ko in bar kuɗina? Daga wani magidanci a Hiyuston.

Ɗan'uwa, ɗauke wutar da ka sani daban, wannan daban. A gida, gini da rayuwa duk an tsara su da sanin cewa wuta baƙuwa ce: akwai tsakar gida, akwai inuwar darbejiya, akwai randa, akwai mai ruwa a bakin layi. Gidan Hiyuston kuwa akwati ne da aka ƙera don na'urar sanyaya ɗaki. Ranar 8 ga Yuli 2024 guguwar Beryl ta sauka Teksas tana mataki na ɗaya kacal, mafi ƙanƙanta cikin matakai biyar, amma gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 suka rasa wuta a yankin Hiyuston, wasu har fiye da mako guda, cikin zafi mai gumi. Mutane da dama ba iskar ce ta kashe su ba, zafin kwanakin da suka biyo baya ne.

Saboda haka idan gidan kanka ne mai fili, ka saya. Ka nemi mai shan fetur da gas ɗin tukunya duka biyu, domin fetur shi ne farkon abin da ke ƙarewa a gari, gidan mai ma ba ya iya sayarwa idan babu wuta, gas kuma ba ya lalacewa a ajiye. Kada ka ɗauko ƙato don burgewa. Wanda zai riƙe firji, fanka, cajin waya da ƙaramar na'urar sanyi ta taga a ɗaki guda ya wadatar, kowa ya taru a ɗakin. Babba zai iya shanye galan 10 ko fiye a yini, ina za ka samo su? Teksas kan ɗage harajin saye a kan kayan shirin gaggawa a wani ƙarshen mako na Afrilu, har da janareton da bai kai dala 3,000 ba. In an kai ga sanar da guguwa, ko da kuɗinka sai ka tarar da kanta wayam.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin sabonmu da janareto shi ne haɗarinmu. A gida mukan ajiye shi a zaure ko bayan taga, iska na kaɗawa ta ko'ina, Allah Ya yi ta kiyayewa. Gidajen can a toshe suke ruf. Hayaƙin injin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Bayan guguwar Laura a 2020, mutum biyar 'yan gida ɗaya suka rasu a Lake Charles ta jihar Luwiziyana saboda janareton da ke aiki a gareji. Ka ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga gida, bakin salansa na kallon nesa da tagogi. Ba gareji ba, ko da ƙofar a buɗe take. Ka haɗa da na'urar ƙararrawa mai jin wannan iska, mai batir. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma ni a wurina ta fi injin kansa muhimmanci. Kada kuma ka yi irin haɗin gida na cusa waya a soket. In babu canjoba da ma'aikacin lantarki mai lasisi ya sa, wutarka za ta koma kan layi ta kama mai gyara a kan falwaya.

Idan kuwa a bene kake haya, manta da janareto kwata-kwata, baranda ba fili ba ce. Babban batir mai caji da fanka mai batir su ne naka.

Tambaya: Mu shida ne da surukata. Wane abinci zan tanada, kuma ruwa nawa? Daga wata uwa a Tampa.

Hajiya, a nan kam kin fi Ba'amurkiya gata. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, dabino, gyaɗa, madarar gari: babu mai neman wuta ko firji. Ki ƙara da kifin gwangwani da biskit. Abin da za ki guje wa shi ne cika firiza da rago ana gobe guguwa. Firji na riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe ba, firiza cikakkiya awa 48, rabi kuma awa 24.

Ruwa galan ɗaya ne ga kowane mutum a rana, kusan lita 4, kuma hukumomin Fulorida kwana bakwai suke cewa a tanada. Ku shida, galan 42 ke nan. Wannan lissafin sha da ɗan tsafta ne, bai san da alwala da buta ba, don haka ki cika bahon wanka da bokitai daga famfo tun da sauran lokaci, ki kiyaye ƙananan yara da su. Maganin surukarki na mako biyu ya kasance a hannu, da tsabar kuɗi ƙananan canji, domin na'urar kati ba ta aiki ba wuta. Gawayi kuma, ko don shayi ne, a waje.

Tambaya: An ce a liƙa salatif a gilashin taga. Wane iri ya fi?

Babu. Salatif ba ya hana gilashi fashewa, sai ma ya sa ya ɓalle da manyan ɓaraguzai. Ko murfin taga na ƙarfe, ko katako mai kauri da aka ɗaure da sukurori daga waje.

Tambaya: Maigidana ya ce ba inda za mu, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata baiwar Allah kusa da Galveston, garin bakin teku da ke kusa da Hiyuston.

'Yar'uwa, ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa wanda ya ce a dogara ga Allah shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Sai dai ba kowa ne ya kamata ya tashi ba, kuma wannan darasi da tsada aka saye shi. A Satumbar 2005, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina da ta yi ɓarna a Luwiziyana, tsoron guguwar Rita ya fitar da miliyoyin mutane daga Hiyuston lokaci guda. Hanyoyi suka cushe, mai ya ƙare, mutane kusan ɗari suka mutu a wajen gudun, har da tsofaffi fiye da 20 da bas ɗinsu ta kama wuta kusa da Dallas. Yawancin masu gudun nan gidajensu ba sa cikin haɗarin teku.

Abin dubawa shi ne ruwa. Iska ana ɓuyar mata a ɗakin tsakiya marar taga, amma tekun da guguwa ta turo kan tudu ba a ɓuyar masa. Yankin Hiyuston da Galveston an kasa shi shiyya-shiyya bisa lambar gidan waya ta unguwa. Ki duba taku yau. Ku da ke bakin teku, da an ce shiyyarku ta tashi, ku tashi, tun iska ba ta fara ba. Sanarwar farko kan zo kamar awa 48 kafin iska mai ƙarfi, ta biyu awa 36. Ba sai kun je Dallas ba, gidan ɗan'uwa a can cikin tudu ya isa. Fasfo, katin zama da takardun haihuwar yara su shiga leda mai zif, tankin mota kuma kada ya sauka ƙasa da rabi duk tsawon lokacin nan.

Masu zama kuma su san cewa in iska ta tsaya cak rana ta leƙo, mai yiwuwa tsakiyar guguwar ce ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya ɓangaren. Kuma kada a shiga ruwan da ya rufe titi da mota. Ruwa mai gudu da ya kai ƙafa ɗaya na zurfi yana ɗauke ƙaramar mota.

Tambaya: Ina da inshorar gida. Ta isa?

Alhaji, sake karanta takardarka. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, daban ake sayen wannan, galibi daga shirin gwamnatin tarayya da ke ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta FEMA, kuma sai bayan kwana 30 da saye take fara aiki. Lokacin guguwar Harvey a 2017, an auna ruwan sama fiye da milimita 1,500 a wani yanki na gabashin Teksas cikin 'yan kwanaki, ya zarce na daminar Kano sukutum, kuma dubban gidajen da suka nutse ba sa cikin taswirar wuraren ambaliya. Ɗan haya ma yana iya sayen ta kayan ɗaki kawai. Maganar halaccin inshora a addini kuwa ka kai wa malamin da ya san zaman ƙasar. Kafin nan, ɗauki waya ka zagaya gidan ɗaki-ɗaki kana ɗaukar bidiyon kayanka, ka tura wa wani ɗan'uwa da ke wata jiha ya ajiye maka.