Ribar komawa XML da neman mai kula da shi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai riba idan kamfaninku ya mayar da littattafan bayanin kayansa zuwa XML, wato tsarin rubutu da ake manna wa kowane sashe lakabi, da kuma inda za ku samo mai kula da shi. Na daɗe a wannan aikin, ga abin da idona ya gani.

Ribar ita ce raba magana da kwalliyarta. A Word, gargaɗi rubutu ne kawai da aka shafa wa jan launi. A XML kuwa lakabi ake manna masa, kwamfuta ta san cewa gargaɗi ne. Inda na yi aiki akwai gargaɗin lantarki guda da ya shiga littattafai da dama. In an canza shi, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ko yaushe sai wani ya tsallake. Da muka koma DITA, wani tsarin XML da aka shirya don irin waɗannan littattafai, wuri guda ake gyarawa, ya fito a PDF da shafin intanet baki ɗaya. Kuɗin fassara ma ya sauka, tunda sashen da ya canza kaɗai ake tura wa mai fassara. Amma in littattafanku biyu ne ko uku, harshe ɗaya, kada ku wahalar da kanku.

Masu cewa XML ya tsufa, gaskiya ne tun 1998 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da shi. To amma fayil ɗin Word (docx) da suke buɗewa kullum, cikinsa XML ne.

Batun mai kula, a nan gizo ke saƙar. Mu wani gwani ne ya ƙirƙiro mana lakabobin kansa, ya rubuta XSLT ɗinsa, wato umarnin da ke juya XML zuwa shafin da za a karanta, bai bar bayani ko layi ɗaya ba. Ranar da ya ajiye aiki kowa ya ja da baya, ba mai yarda ya taɓa. Saboda haka ku tsaya kan DITA ko takwaransa DocBook, sanannun tsare-tsare da ƙungiyar ƙa'idoji ta OASIS ta amince da su, don duk wanda kuka ɗauka zai tarar da abin da ya sani.

Sabbin masu rubuta manhaja yawanci JSON suka iya, wani tsarin ajiye bayanai daban, XSLT kuma yakan ba su wuya da farko. Abin da ya fishshe mu shi ne koya wa wata marubuciyarmu XML, wadda ta san littattafan ciki da bai. Koyon lakabi ba ya ɗaukar lokaci, sanin kayan ne ke ɗauka. Aikin XSLT ku ba ɗan kwangila, da sharaɗin ya rubuta bayani, ya ajiye komai a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara. Wajen tantance shi kuma, ku miƙa masa fayil mai matsala ya gyara a gabanku.