Tsofaffin finafinan barkwanci marasa magana: sun cancanci kallo a yau?

Tambaya: Ina yawan cin karo da guntayen finafinan Charlie Chaplin a YouTube, baƙi da fari, babu magana. Shin akwai abin da mai kallo na yau zai ƙaru da shi a cikinsu, ko zamaninsu ya wuce?

Amsa: Akwai, musamman a ayyukan Chaplin da Buster Keaton da Harold Lloyd. Da yake finafinai masu magana ba su kankama ba sai bayan 1927, tilas waɗannan 'yan wasa su isar da komai da jiki da fuska, kuma wannan takurar ce ta kai su ga gwanintar da ba kasafai ake ganinta yanzu ba.

A fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928, bangon gaban gida ya rikito a kan Keaton yana tsaye, abin da ya cece shi kawai shi ne tagar bene da ke buɗe ta faɗo daidai inda yake. Bangon na gaske ne, kuma da ya gusa kaɗan da ya rasa ransa. A The Gold Rush na 1925 kuwa, yunwa ta sa Chaplin ya dafa takalminsa, ya zauna da wuƙa da cokali mai yatsu cikin natsuwa, yana naɗe igiyar takalmin kamar taliya, yana tsotsar ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Mutum zai yi dariya, amma tausayin mayunwacin da ya ƙi zubar da mutuncinsa ba zai bar shi ba, kuma a ganina nan ne darajar Chaplin take. Masu kallon finafinan Indiya sun san wannan salon, domin wannan salon ne Raj Kapoor ya ara a fim ɗinsa Shree 420 na 1955.

Sai dai ba duka ne suka yi kyau ba. Wasu jifa da guje-guje ne kawai, wasu kuma suna ɗauke da izgilin da ake yi wa baƙar fata a Amurka ta wancan lokaci. Haka nan, da hannu ake juya kyamarorin, sau da yawa ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa, wanda shi ne saurin da aka saba nuna finafinai masu magana da shi, shi ya sa kwafin da ba a daidaita ba yake nuna mutane suna fizge-fizge. Ka nemi kwafin da aka gyara mai kiɗa, ka fara da One Week na Keaton na 1920, wanda bai kai rabin awa ba.