Tambaya da Amsa: Zanen bango na ɓarewa, yaya za a cece shi?

TAMBAYA: Zauren gidanmu na gado a Zariya yana da zanen gargajiya a goshinsa. An yi wa gindin bangon filastar siminti, an kuma shafa fentin mai a kan zanen. Yanzu zanen na ɓarewa, wani farin gari na fitowa a jiki. Mu sake fenti ne?
Wani mai karatu daga Zariya

AMSA: Malam, kada a sake fenti. Ciwon ba a fuskar zanen yake ba, danshi ne. Ginin ƙasa yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi ta jikinsa da rani. Siminti da fentin mai sun toshe wannan hanya, sai danshin ya hau sama ya taru a bayan zanen. Farin garin nan gishirin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko. Idan ya bushe yakan zama ƙwayoyi, su ne ke ture yaɓen daga ciki.

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton kowane sashe, a sa ma'auni a gefe. Sannan a hau soro a duba indararo, domin sau da yawa ɓarnar daga nan take farawa: ya toshe, ko ya gajarta yana zuba a jikin bango. A gyara shi, a kuma yi wa ƙasan gindin bango gangare yadda ruwa ba zai kwanta ba. A cire simintin da hannu, da ƙaramar kurfi, kaɗan-kaɗan, a bar bangon ya sha iska makonni. Gishirin kuwa a share shi a bushe da burushi mai laushi, a kwashe. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne.

Sai a bi zanen ana ƙwanƙwasawa a hankali da gaɓar yatsa. Inda aka ji amo kamar na ganga, yaɓen ya rabu da bango. Ba a ɓamɓare irin wannan wuri. Ana jiƙa ramin da ruwa da sifirit, rabi da rabi, sannan a ɗura tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai ruwa-ruwa da sirinji, a tokare da katako mai soso har ta kama.

Wajen cike gurbi, a nemi irin ƙasar da aka yi ginin da ita. A gwada kwaɓi uku a wani lungu: ƙasa ɗaya yashi ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku. Wanda ya bushe bai tsage ba, bai kuma zube da gogawar yatsa ba, shi ne naku. Kowane shafi kada ya wuce kaurin santimita 1, kuma a bar shi ya kama kafin a ƙara. A hunturu a rataya jiƙaƙƙen buhu a gabansa, don saurin bushewa ne ke kawo tsagewa. Rufin ƙarshe a koma wa abin da magina suka sani: makuba daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wato katsin marina da gashin majema da dafara. Launi kuma a sa shi a inda aka cike kawai. Tsohon aikin hannu, ko ya koɗe, ya fi sabon da aka ɗora masa daraja. Cire fentin man daga kan zanen aikin ƙwararre ne. A nemi shawarar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tare da tsohon magini.

TAMBAYA: Zanen fentin mai a kan yadi da ke falona ya yi rawaya. An ce in goge da kananzir.
Wata mai karatu daga Damagaram

AMSA: Hajiya, a'a. Banish, wato man ƙyallin da aka rufe zanen da shi, shi ne ya tsufa, kuma kananzir ko sabulu na iya ratsa tsagar fenti su ɓata yadin. A garin Borja na Sifen, a 2012, gyaran wadda ba ƙwararriya ba ya shafe fuskar wani tsohon zanen bango. Ki kaɗe ƙura da burushi mai laushi, in babu inda fentin ya ɗago. Ki nisanta shi da hasken rana, da hayaƙin turaren wuta, da bangon da ke jiƙa, ki bar cire banish ga mai sana'ar.