Tirela na aiki, aljihu babu komai

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni matashi ne a Tahoua. Bara na haɗa gadona da bashin da kawuna ya ba ni na sayi tsohuwar tirela, ina ɗaukar albasa daga Galmi da Madawa zuwa Gana. Mota ba ta zama, amma ƙarshen wata ba na ganin komai, kullum gyara. Direbana ya ce mu riƙa ƙara buhuna a kan lodi don riba ta fito. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa wa nema albarka. Kada ka ƙara ko buhu ɗaya. Zan zo kan wannan, amma ciwonka ba a nan yake ba.

Abin da na gani a wasiƙarka shi ne kana ɗaukar kuɗin lodi a matsayin naka. Ba naka ba ne tukuna. Mota tana da rabonta a ciki, kuma in ba ka ware mata ba, za ta karɓa da ƙarfi ranar da injin ya buga a daji. Samo littafi, kowace tafiya da shafinta. Ka fara da gazuwal. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage lita daga sefa 668 zuwa 618. Tsohuwar mota mai kaya tana iya shan lita 45 a kilomita 100, ka ga ke nan kowane kilomita 1,000 ya kusan cin jika 280 a wannan farashin. Sai ka rubuta kuɗin hanyar direba da na karen mota, da na ƴan dako, da kamashon wanda ya haɗa ka da kaya, da takardun duwan, da abin da ake ajiyewa a shingaye. Bayan haka sai abin da sababbin shiga suke mantawa, wato kason taya, da na canjin baƙin mai, da na inshora, da na bashin kawunka. Waɗannan ba sa tambayarka yau, shi ya sa ake cinye kuɗinsu a cefane da biki. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne riba.

Kuma ka yi lissafin zuwa da dawowa a haɗe. Motar da ta sauke albasa a Akara ta juyo wayam ta ƙona mai sau biyu a kan kuɗin lodi ɗaya. Tun kafin ta bar Galmi ka fara kiran waya kana neman kayan dawowa daga tashar jiragen ruwa ta Tema ko ta Lome, ko shinkafa ce ko ƙarfen gini. Ko da kuɗin bai kai yadda kake so ba, in ya biya mai da hanya ya taimake ka.

Akwai kuma kwanaki. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, manyan motoci suka koma bi ta Tera da Dori da Kaya zuwa Wagadugu, cikin ayari da rakiyar sojoji. Ayari ba ya tashi don kai ka shirya, ana iya yin makonni ana jira. Wanda yake yanka farashi da lissafin tsohuwar hanya yana yi wa mai kaya aikin banza ne. Albasa kuwa ba siminti ba ce, zafi da daɗewa a buhu suna ruɓar da ita. Don haka kafin a ɗora buhun farko ku rubuta: buhu nawa ne, nawa za a biya yanzu, nawa bayan saukewa, kuma asarar jinkirin da ba laifin mota ba a wuyan wa take. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. Na san za a ce maka ai mu ƴan uwa ne, takarda ta mece ce? Na ga zumuncin shekara da shekaru ya watse a tasha saboda buhu goma da babu wanda ya ƙirga. Ka kuma tambayi kamfanin inshorarka a fili ko takardarka ta shafi kayan da ke cikin motar, domin sau da yawa ta mota ce kawai.

Yanzu batun ƙarin lodi. Ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suna da doka mai lamba 14 ta shekarar 2005 da ta ƙayyade nauyin manyan motoci, kuma akwai sikeli a kan hanya. In aka kama ka, ga tara, ga yiwuwar a sa ka sauke rarar kayan. Ko ba a kama ka ba, taya da birki da sasi suna biya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ɗana, kuma gyaran da kake kuka da shi ƙaruwa zai yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rai: mota mai nauyin da ya wuce ƙima ba ta tsayawa inda aka taka birki, ga yara da dabbobi a bakin titi tun daga Tsarnawa har Dosso.

Direbanka kuma kada ka yi saurin zarginsa. Sau da yawa mai wannan shawara albashinsa ne bai isa ba, ko ba ya zuwa kan lokaci, sai ya nemi cikewa da buhunan gefe ko sayar da mai. Ka yanka masa albashi tsayayye, ka ƙara masa lada a duk tafiyar da kaya suka isa lafiya, sannan ku cika tanki tare ka rubuta lita nawa aka zuba. Ka cika shafi uku na littafin nan, ka aiko mini da alƙaluman mu duba ko hanyar Gana ce ta dace da motarka, ko gara ta tsaya jigilar cikin gida tsakanin Malbaza da Yamai har ka rage bashi.