Zauren Tambaya: Wai me ya sa sai 15 ga Janairu ake tunawa da 'yan mazan jiya?

TAMBAYA: Salam Anti. Ni 'yar tsohon soja ce, muna zaune a Angwan Rogo nan Jos. Babanmu ya yi yaƙin basasa, yanzu ya kusa tamanin, duk shekara in Janairu ta kama sai ya sa a fito masa da lambobinsa daga cikin adaka a goge. Jiya muka kwashi musu da maigidana, shi wai an sa ranar ne saboda ranar aka kashe Sardauna, ni na ce saboda yaƙi ne. Waye da gaskiya? Sannan ƙanena cewa yake duk ɓarnar kuɗi ce, fure da tattabaru ba sa cika ciki.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar uwa, ki gaida mana Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya.

Ke ce da gaskiya, amma kar ki yi wa maigida dariya dan ranar ta haɗa abu biyu. 15 ga Janairun 1966 aka yi juyin mulkin farko, wanda aka rasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka kuma kashe manyan hafsoshi irinsu Birgediya Zakariya Maimalari da Laftanar Kanar James Pam, ɗan nan Jos ɗinku. Sai kuma bayan shekara huɗu cif, 15 ga Janairun 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara gaban Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, yaƙin wata talatin ya ƙare. Toh wannan ta biyun ita aka ɗauka. Da can 11 ga Nuwamba muke yi tare da Ingila da sauran ƙasashe rainonta, ranar da aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na ɗaya a 1918, daga baya aka maido ta kan ranar da ta shafi jininmu kai tsaye. Amma ba 'yan basasa kaɗai ake tunawa ba, har kakanninmu da Bature ya kwasa zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, a yaƙin duniya na biyu, da na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, ai barikin Rukuba ma sunan ɗayansu yake ɗauke da shi, Maxwell Khobe, da yaranmu da suke ta faɗuwa a Borno da Zamfara har yau ɗin nan.

A nan Abuja kafin ranar akan yi addu'a a masallacin Juma'a, Lahadi a coci, ana kuma sayar da ɗan tambarin nan da ake maƙalawa a ƙirji dan tallafa wa ƙungiyar tsoffin sojoji. Ranar kuma shugaban ƙasa ya ajiye fure kusa da dandalin Eagle Square, a busa begila, kowa ya yi tsit, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Gwamnoni ma kowa ya yi nasa a jiharsa.

Maganar ƙanenki kuwa, wallahi ban ga laifinsa ba gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo da sanda yana bin layin tantancewa saboda fansho, ko matar da mijinta ya rasu a bakin daga tana haɗa kayanta za ta bar bariki da yara huɗu ba ta san inda ta nufa ba, dole fure ya ba shi haushi. Wannan haƙƙi ne kuma sai mun ci gaba da magana a kai har a gaji da mu.

Sai dai ni ba zan ce a daina ba. Na taɓa raka wata maƙwabciyata da mijinta soja ya rasu zuwa maƙabartar sojoji da ke kan hanyar filin jirgi, inda aka binne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a 2016. Mun je da ɗanta, yaro ɗan aji uku da ko fuskar uban bai riƙe ba, ya tsuguna yana bin harufan sunan babansa da yatsa yana karantawa a hankali, da ya gama ya ɗago ya ce Mama ashe an rubuta shi. Har muka dawo gida ban iya cewa komai ba. Yaron nan yana buƙatar kuɗin makaranta, eh, amma abin da ya samu ranar ba a siyansa.

Shi ya sa Baba yake sa a goge lambobin nan. Abokan da ya baro a can shi kaɗai ya rage da ya san sunayensu. Bana ki zaunar da shi bayan la'asar, ki kunna rikodin a wayarki, ki tambaye shi bataliyarsu, garuruwan da suka bi, wa ya ɗauko shi in an taɓa harbinsa, su waye basu dawo ba. In ya yi shiru ki bar shi kar ki matsa, gobe ma rana ce. Kuma ki ja ƙanen nan naki ya zo ya riƙe wayar.