A gyara tsohon filin besbol ko a gina sabo?

Malam, ka tambaya ko gyara tsohon filin wasan besbol ya fi, ko a rushe shi a gina sabo. Ni dai ina bayan gyara, amma sai injiniya ya fara duba ƙarafunan da ke riƙe da ginin kafin a yi maganar kuɗi.

Dubi Fenway Park na Boston a Amurka, wanda aka buɗe a 1912. A 1999 masu ƙungiyar Red Sox da ke wasa a filin suka fito da shirin gina sabo, magoya baya da yawa suka ce atafau ba su yarda ba. Da John Henry da abokansa suka sayi ƙungiyar a 2002, sai suka riƙa gyara kaɗan-kaɗan duk lokacin sanyi da ba a wasa. A 2003 har kujeru suka ɗora a saman wata koriyar katangar filin mai tsayin ƙafa 37, kuma 'yan kallo rububinsu suke yi.

Tsohon filin ƙungiyar Yankees na New York kuwa, na 1923, ya sha babban gyara a shekarun 1970. Duk da haka a Afrilun 1998 wani ƙaton ƙarfe ya faɗo kan kujera, Allah ya sa ba kowa a wurin. A 2009 suka koma sabon fili a tsallaken titi.